Malamai Su Riƙa Shiga Ajin Juna: Kira Ga Iyaye Da Hukumomin Ilimi A Awe

Muna so a wannan fitowa mu ɗan jingine batutuwan da muka saba tattaunawa a kansu, wato takardar shaidar ɗan ƙasa da rabon rumfunan kasuwa da filayen noma da katin zaɓe, mu juya ga wani mutum wanda kowace safiya muke miƙa masa 'ya'yanmu amma ba kasafai muke tambayar halin da yake ciki ba. Wannan mutum kuwa shi ne malamin makarantar firamare. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, gwiwar malaman makarantun gwamnati da ke Awe da kewaye ta yi sanyi, kuma ɗaya daga cikin hanyoyi mafi sauƙi na farfaɗo da su ita ce a ba su dama da lokaci su riƙa shiga ajin junansu, suna kallon yadda kowa ke koyarwa, suna ba juna shawara, ba tare da an rubuta wa kowa rahoto zuwa ofis ba.

Wataƙila wani zai tambaya, me ya haɗa wannan da maganar haƙƙi, wadda dominta ake buga wannan takarda? Amsar tana cikin dokokin ƙasa. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Sashe na 41 ya ba kowa 'yancin zama a duk inda yake so a cikin ƙasar nan. Sashe na 18 kuma ya ɗora wa gwamnati nauyin samar da damar ilimi daidai ga kowa. Bayan Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, an yi dokarsa a 2004, wadda ta wajabta ilimi kyauta ga kowane yaro daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Dokar ba ta ware ɗan asali daga ɗan baƙo ba. A 2010 ma kotun ƙungiyar ECOWAS da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta tabbatar da cewa ilimi haƙƙi ne na yaran Nijeriya. To amma samun gurbin zama a kan benci rabin haƙƙin ne kawai. Idan yaro ya shekara shida yana zuwa makaranta ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, an tauye masa haƙƙinsa ko da kuwa babu wanda ya taɓa korarsa daga aji.

Wannan magana ta fi shafarmu fiye da kowa. Wasunmu kakanninsu ne suka zo wannan yanki wajen fataucin gishirin Awe da Keana da Azara tun kafin zuwan Turawa, wasu kuma noma da kasuwanci ne suka kawo su daga baya, kafin ko bayan a cire Jihar Nasarawa daga Filato a 1996. Duk da haka mun san yadda batun takardar indijin ke tsaya wa yaro a maƙogwaro a lokacin neman tallafin karatu ko aikin gwamnati, a nan da sauran jihohin ƙasar nan, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto na musamman a kan matsalar a 2006. Za mu ci gaba da neman a gyara wannan ta hanyar lumana da bin doka. Amma kafin a gyara, abin da yaro ya sani a ƙwaƙwalwarsa shi ne jarin da babu mai iya hana shi saboda garin kakansa. Mafi yawan gidajenmu kuwa ba su da halin kai yara makarantun kuɗi a Lafiya ko Keffi. Makarantar gwamnati ita ce gatanmu, ingancinta kuma yana hannun malamin da ke tsaye a gaban allo.

To, wane hali wannan malami yake ciki? Kowa ya san batun albashi. A 2008 sai da ƙungiyar malamai ta NUT ta shafe makonni tana yajin aiki a duk faɗin ƙasa kafin gwamnoni su amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari, kuma aka daɗe ana jan ƙafa wajen biyansa a jihohi da dama. A jihar nan an yi lokacin da malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi ke karɓar albashinsu kashi-kashi. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki, wanda abu ne mai kyau, sai dai tsawaita wa mutum shekarun aiki ba ya nufin an sa masa son aikin a zuciya. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali duk wanda ya leƙa aji ɗaya ko aji biyu a garuruwanmu ya san abin ya wuce haka. Ga kuma rainin da mu kanmu jama'a muke yi musu, har ya zama abin raha a ce ladan malami sai a lahira.

Akwai kuma wata cuta da ba a faye ambata ba, ita ce kaɗaici. Aikin koyarwa a makarantunmu aiki ne da mutum ke yi shi kaɗai. Malami ya gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Akwanga ko ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI da ke Kaduna, a tura shi makaranta, a nuna masa aji, shi ke nan. Daga ranar da malaman kwaleji suka gama duba shi a lokacin gwajin koyarwa, yana iya yin shekara goma babu wani masanin aikin da ya zauna ya kalli darasinsa daga farko har ƙarshe. Idan ya ƙirƙiro wata dabara da ta sa yara suka gane lissafin rabawa, babu wanda ya gani balle ya yaba. Idan kuma akwai wani babi da shi kansa bai fahimta ba, kunya za ta hana shi tambaya, sai ya riƙa tsallake shi shekara da shekaru. Mutumin da ba a ganin ƙoƙarinsa, ba a kuma taimaka masa a wurin da ya gaza, a hankali zuciyarsa ke mutuwa, ya koma sa hannu a rajista kawai yana jiran ƙarshen wata.

Mutumin da ke shiga ajinsa daga waje shi ne mai duba makarantu. Ba mu raina aikin sufeto ba, domin kuwa dole a sami mai tabbatar da cewa malami na zuwa aiki kuma ana bin manhaja. Amma ziyararsa jefi-jefi ce, abin da ya fi dubawa kuma shi ne rajista da littafin shirin darasi, sannan a idon malami zuwansa zuwan alƙali ne. Abin da ya faru a Jihar Kaduna ya ƙara wannan tsoro. A 2017 gwamnatin jihar ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka kuma sallame su duk da yajin aikin da NUT ta yi a farkon 2018. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko yana adawa da shi, sakamakon ya nuna abu biyu: akwai malamai da yawa masu buƙatar a ƙara musu sani, kuma tun daga lokacin duk malamin da ya ji za a duba shi gabansa ke faɗuwa. Wanda ke tsoron a kore shi kuwa ba zai taɓa buɗe baki ya ce ga inda ban iya ba.

Abin da muke kawowa shawara a kansa daban yake da wannan. Malamai biyu ko uku na makaranta ɗaya, ko na makarantu maƙwabta, su yi yarjejeniya a tsakaninsu. Kafin ranar, su zauna na ɗan lokaci, wanda za a kalla ya faɗi darasin da zai koyar da abin da yake so a lura masa da shi. Misali ya ce, ina so ki duba min ko yaran da ke bayan aji suna bi na, ko kuwa ka ƙirga min yara mata nawa na tambaya da maza nawa. Ranar darasi mai kallo ya shigo ya zauna a baya da takarda da biro, ba ya katse malami, ba ya gyara masa a gaban yara, idonsa ya fi karkata ga yaran: wane ne ya gane, wane ne ya ɓata, a daidai ina hankalinsu ya tafi. Bayan an tashi su zauna su biyu. Wanda ya koyar shi zai fara magana, ya faɗi abin da ya yi masa daɗi da wanda bai yi ba. Sannan mai kallo ya faɗi abubuwan da suka yi kyau, ya kawo shawara ɗaya ko biyu kacal. Mako mai zuwa sai a juya, mai kallo ya zama wanda ake kallo. Babu maki, babu rahoto, kuma takardar da aka yi rubutu a kai a hannun mai aji za a bar ta.

Kada wani ya ɗauka wannan baƙon abu ne daga Turai. Mu Hausawa mun daɗe da saninsa a karatun allo. Gardawa da alarammomi kan zauna musaffa, wannan ya karanta wancan ya saurara, idan an yi tuntuɓe a gyara, kuma babu wanda darajarsa ta ragu. Hasali ma alaramman da ke gudun musaffa shi ake yi wa kallon mai rauni. A masallaci, idan liman ya yi mantuwa a karatu, wani daga sahu ne ke tuna masa, a idar da salla, gobe kuma shi ne dai liman. A wajen sana'a ma haka abin yake. Matan da ke dafa gishiri a garin nan ba a littafi suka koya ba, da kallon hannun juna suka koya, haka maƙera da magina da teloli. Abin mamaki shi ne, a makarantar boko ce kaɗai aka mayar da kallon aikin ɗan'uwa tamkar leƙen asiri.

Ƙasashen da suka ci gaba a harkar ilimi sun riƙe wannan al'ada da kyau. A Japan fiye da shekara ɗari ke nan malamai na yin abin da suke kira nazarin darasi: su taru su tsara darasi ɗaya, mutum ɗaya ya koyar sauran suna kallo, su zauna su tattauna, su gyara, wani ya sake koyarwa. Idan an ce Japan ƙasa ce mai arziki, to ga Zambiya a nan Afirka, wadda ta fara irin wannan tsari a lardi ɗaya a 2005 da taimakon hukumar JICA ta Japan, cikin shekara goma ya kai dukkan lardunan ƙasar guda goma, kuma a cikin makarantu ake yinsa ba a otal-otal ba. A Ingila ma an yi gwaji a makarantun sakandare 82, inda malamai suka riƙa kallon darasin juna ba tare da wani hukunci ya biyo baya ba. Masana da suka wallafa sakamakon a 2021 sun ga ɗan ƙari a makin ɗalibai, har da ɗaliban malaman da suka yi kallon. Wato mai kallo ma ƙaruwa yake yi.

A nan gida Nijeriya an taɓa irin wannan. A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da JICA suka fara shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya a firamare, aka fara gwada shi a jihohin Kaduna da Neja da maƙwabciyarmu Filato, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi. Ginshiƙinsa shi ne malami ya tsara, ya aiwatar, ya duba, ya gyara. A 2008 aka fara shirin ESSPIN da tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda daga baya ya kai jihohi shida, cikinsu har da Kano da Kaduna da Jigawa, inda aka horar da hedimastoci su riƙa zama a aji suna kallon darasi, suna kuma tara malamansu don ƙara wa juna sani. A 2013 wani shirin na horar da malamai mai suna TDP ya fara a Katsina da Jigawa da Zamfara, shi ma yana tara malaman makarantu maƙwabta suna bitar aikinsu tare. Jihar Nasarawa ba ta cikin jihohin waɗannan shirye-shirye biyu na ƙarshe, kuma dukansu wa'adinsu ya ƙare. Darasin da muka ɗauka shi ne, shirin da ya dogara da kuɗin masu ba da tallafi da alawus ɗin zuwa bita yana da ranar ƙarewa. Abin da ke ɗorewa shi ne ɗabi'ar da malamai suka mayar tasu, ita kuwa ba ta buƙatar mota ko janareta. Abin da take buƙata shi ne izinin hedimasta, da gurbi a jadawalin darussa, da amana.

Ta yaya wannan zai ɗaga gwiwar malami? Da farko, yabon wanda ya san aiki daban yake da yabon kowa. Idan abokin aiki ya ce, wallahi yadda kika yi amfani da marafan kwalba wajen koyar da ƙirga ya burge ni, zan gwada a ajina, wannan kalma tana iya riƙe malama wata guda. Na biyu, tsofaffin malamai da suka shekara ashirin ko talatin suna aiki suna da tarin dabaru da za su tafi da su ritaya idan ba a kwashe ba. Ranar da aka ce wa irin wannan dattijo yara sababbin ɗauka za su zo su koya a ajinsa, an mayar masa da girman da albashi bai ba shi ba. Na uku, sabon malami zai sami inda zai kai kukansa ba tare da fargaba ba. Na huɗu, matsala takan yi sauƙi idan aka gane ta kowa ce. Malamin da ke zaton shi kaɗai ne yara suka gagara, idan ya shiga ajin maƙwabcinsa ya ga irin nasa, sai su haɗu su nemi mafita. Na biyar kuma, mutumin da ya san ran Laraba ɗan'uwansa zai zo ajinsa, zai shirya darasi, zai kuma zo da wuri, saboda kunyar ido ta fi takardar gargaɗi tasiri.

A yanki irin namu akwai wani amfanin na musamman. A aji ɗaya za ka sami ɗan Bahaushe da ɗan Alago da ɗan Jukun da ɗan Tibi da ɗan Fulani, littafi kuma da Turanci yake. Wani malamin ya iya jawo yaron da Hausa kaɗai yake ji zuwa ga Turanci, wani kuma ya san yadda ake tafiyar da yaron da bai ji Hausar ba ma. Wani ya gano dabarar cike giɓin yaran da suka yi fashi lokacin girbi ko ranar kasuwa. Irin wannan sani babu shi a littafin kwaleji, a ajin maƙwabci yake. Ban da haka, dukanmu muna tune da rikicin 2001 wanda ya biyo bayan kisan Sarkin Azara, da yadda ya raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki. Idan yara suka ga malaminsu Bahaushe ya zauna a bayan aji yana koyo daga malama 'yar wata ƙabila, ko Kirista yana karɓar shawarar Musulmi, sun sami darasin zaman tare wanda ya fi na kan allo.

Mun san akwai masu ja da wannan shawara, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko za su ce a fara biyan malami haƙƙinsa tukuna. Gaskiya ne, kuma muna tare da su ɗari bisa ɗari. Kallon darasin juna ba zai sayi buhun masara ba, kuma ba mu yarda wata hukuma ta fake da shi ta yi watsi da albashi da ƙarin girma da kuɗin hutu da fansho ba. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sa ya zama wajibi mu ƙara sa ido a kan yadda ake biyan malaman firamare. Sai dai yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya yana jiran a gama wannan gwagwarmaya ba, baɗi aji huɗu zai tafi, ko ya iya ko bai iya ba. Dole a tafi da abubuwan biyu tare.

Na biyu za su ce malamai sun yi ƙaranci, wa zai riƙe ajin mai kallo? Wannan ma gaskiya ne, musamman a ƙauyuka. Amma ba kullum ake nufi ba. Darasi ɗaya na minti 35 ko 40 a cikin mako biyu ya isa a fara. Hedimasta na iya riƙe ajin, ko a haɗa aji biyu a filin wasa, ko a ba yara aikin rubutu a ƙarƙashin kulawar monita. Inda malamai biyu ko uku ne kacal a makaranta, sai a haɗa gwiwa da makarantar da ke kusa sau ɗaya a wata.

Na uku kuma, wanda ya fi wuya, shi ne girman kai da tsoron tonon asiri. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da aikinsa shi ne gyara wa wasu, da wuya ya so a gyara masa, balle a ce yaro ne sa'ar ɗansa zai yi gyaran, ko mace ce za ta gyara wa namiji. Da yawa daga cikinmu a ajin yaƙi da jahilci muka koyi karatu da rubutu bayan mun girma, saboda haka mun san nauyin da ke kan babban mutum idan aka ce ya fito gaban allo. Mun kuma san abin da ke kawar da wannan nauyi, shi ne tabbacin cewa abin da ya faru a aji a aji zai tsaya. Don haka dole a gindaya sharuɗɗa tun farko. Kada a tilasta wa kowa, a fara da masu so. Malami shi zai zaɓi abokin da ya amince da shi. Hedimasta da manyan malamai su fara buɗe ajinsu kafin a nemi na ƙasa su buɗe. Abin da aka gani ba zai shiga fayil ɗin kowa ba, ba za a yi amfani da shi wajen ƙarin girma ko canjin wurin aiki ba, kuma ba za a kai shi teburin mai shayi ba. Ranar da aka karya ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, ranar ce abin zai mutu. Idan kuwa an kiyaye su, kowa zai gane cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

To mu iyaye mene ne namu? Da farko mu sani ba mu ne za mu shiga aji mu duba malami ba, wannan aikin malamai ne a tsakaninsu. Namu shi ne mu buɗe musu hanya. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta sami kwamitin gudanarwa na jama'ar gari, wato SBMC, ban da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA. Wakilci a waɗannan wurare bai dogara da takardar indijin ba, duk mai ɗa a makaranta yana da bakin magana. Abin takaici shi ne da yawanmu ba ma zuwa taro sai an ce an kori yaro, sannan mu dawo muna cewa an ware mu. Muna kira ga kowane magidanci ya halarci taro na gaba, ya kawo wannan shawara cikin ladabi, a matsayin taimako ga malamai. Iyaye mata su ma su je, domin su suka fi sanin abin da yaro ke dawowa da shi gida. Idan ana buƙatar alli ko kwali ko littafin rubutu don wannan aiki, abu ne da unguwa ɗaya za ta iya ɗauka. Mu tura yara a kan lokaci, mu rage ɗora musu talla a lokacin makaranta, domin babu abin da ke karya zuciyar malami kamar ya shirya darasi ya tarar da rabin aji babu kowa. Kuma mu daina zagin malamai a gaban 'ya'yanmu. Idan akwai ƙorafi a kai wa hedimasta.

Daga nan muna miƙa kira ga hukumomi. Muna roƙon sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Awe ya ba hedimastoci izini a rubuce su ware lokacin wannan aiki a jadawali, a fara gwadawa a makarantu kaɗan a Awe da Azara da Tunga na tsawon zango ɗaya, sannan a tara malaman da suka yi a ji ta bakinsu. Muna roƙon hukumar SUBEB da ke Lafiya ta raba wannan aiki da aikin masu duba makarantu, ta kuma nemo malaman jihar nan da suka taɓa samun horon SMASE su zama jagorori. Muna roƙon reshen NUT ya rungumi abin a matsayin nasa, domin idan daga ƙungiya ya fito malamai za su fi sakin jiki da shi. Kwalejin Ilimi ta Akwanga da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi da Jami'ar Tarayya ta Lafiya suna da masana da za su iya tsara 'yar takarda mai sauƙi ta abin da mai kallo zai lura da shi. Iyayenmu sarakuna da hakimai da limamai da fastoci kuma su sa albarka, su riƙa ambaton malaman da suka yi ƙoƙari a bainar jama'a, musamman ranar 5 ga Oktoba da duniya ta ware domin malamai.

Ga ku kuma malamai, muna ganin wahalarku, muna kuma godiya. Ba mu kawo wannan magana don mu ƙara muku kaya ba, sai don mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk malami ko hedimastan da yake son a fara a makarantarsa, ƙofar ƙungiya a buɗe take, kuma za mu sa batun a ajandar taronmu na wata mai zuwa domin wakilan unguwanni su faɗi abin da za su iya bayarwa.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu a Awe da Jihar Nasarawa da Nijeriya baki ɗaya, amin.



Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Gudanarwa.